Kujerar kashiya na ƙarewa a bankunan Saudiyya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in yi magana da iyayenmu Hausawan Makka, Jidda da Madina, waɗanda har gobe burinsu yaro ya gama jami'a ya zama kashiya a banki. Kujerar nan ƙarewa take yi.

Ba sai an yi shelar sallama ba. Wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, rassa biyu da ke titi ɗaya kuma a mayar da su guda, musamman bayan haɗewar bankunan SABB da Alawwal a 2019, da ta NCB da Samba a 2021. A 2021 ɗin ne babban banki, SAMA, ya ƙaddamar da Sarie, tsarin da kuɗi ke shiga wani banki nan take ko da tsakar dare ne. A 2024 kashi 79 cikin ɗari na biyan kuɗin yau da kullum ba da tsaba aka yi shi ba. Ga STC Bank da D360, waɗanda reshensu wayar hannunka ce.

A duba aikin kashiya ɗaya bayan ɗaya. Ajiya, na'urar ATM ta karɓe. Kuɗin wuta da ruwa, tsarin biya ta intanet na SADAD. Buɗe asusu, manhaja ce da tantancewar Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum. Aika kuɗi gida, wanda a da ake cika layi dominsa a cibiyoyin aika kuɗi na Enjaz da Tahweel Al Rajhi kowane ƙarshen wata, yanzu daga ɗaki ake yi.

Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne inda na'ura ta cije, kuma a wurin mutanenmu tana yawan cijewa. Igama, wato takardar izinin zama, ta ƙare ba a sabunta ba, sai a daskarar da asusu. Lambar sirri ba ta zuwa saboda an canja layin waya ba a sanar da banki ba. An rubuta Muhammad a nan, asusun Kano kuwa Mohammed ne, sai kuɗi su maƙale. Dattijuwa ta aika riyal dubu biyar sau uku a mako, kuɗin adashi ne, amma kwamfuta ba ta san adashi ba, sai ta ɗaga tutar zargi. Dole mutum ya zauna ya duba takardu, ya kira mai asusun, ya rubuta dalilin sakin kuɗin ko riƙe su. Ga kuma 'yan damfara masu kira da sunan banki suna neman lambar sirri (mai faɗa musu ita, Allah ya ba shi haƙuri), su ma akwai sashe guda na bin sawunsu.

A ganina nan ya kamata yaranmu masu takardar ɗan ƙasa su dosa: sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, binciken damfara da tsaron intanet. Su haɗa digiri da shaidar CAMS (ta ƙwarewa a yaƙi da halasta kuɗin haram) ko jarrabawar Financial Academy ta Riyad, su gyara Ingilishi, su iya Excel da SQL (harshen zaƙulo bayanai daga rumbun kwamfuta) sosai. Masu igama kuwa, ayyukan reshe dama kusan duk na 'yan ƙasa ne, gara su karkata ga rubuta manhaja tun daga sakandare.

Wassalam.

Wani ma'aikacin banki,
Jidda