Sallar Farko Babu Tsoho

Landan, ranar Babbar Sallah

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. A gaishe da Baba da Gwaggo da su Yaya da yaransu, har da mutanen gidan liman. Na san za ku ce me ya kai ni ga biro da takarda alhali jiya ma mun yi waya. Laifin kakanmu Tsoho ne. Tun da na taho ƙasar nan, duk Sallah sai ya sa an tambaye ni ina wasiƙarsa, wai shi muryar waya ba ta shiga akwati. Bana ba ya nan, amma hannuna ya riga ya saba.

Mun yi idi a filin wani lambu, ana yayyafi, kowa da laimarsa. Layyar nan kuwa ba a ganin jini. Kuɗi za ka ba mahauci, bayan kwana biyu ka je ka karɓo nama a leda an yayyanka, ko ƙaurin babbakar kai babu. Ina zaune a sahu sai na tuna yau babu mai zama a kan buzu a zaure tun da asuba, yana duba agogo yana cewa gidan nan ba a san lokaci ba. Babu kuma mai ce mini, "Amarya, ina tuwon Sallata, ko in ƙara aure?" Umma, sai da na rufe fuska da mayafi.

Daga idi ban koma gida ba. Na shiga jirgin ƙasa na je wajen wasu ginshiƙan dutse kusa da fadar Buckingham, waɗanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 2002 don tunawa da mutanen ƙasashen da Ingila ta mallaka da suka yi mata yaƙin duniya. An sassaƙa sunan Indiya daban, Pakistan daban, Bangladesh daban. Mu kuwa kalma ɗaya aka ba mu: Afirka. Raina ya ɗan sosu, don a cikin kalmar nan guda aka cusa Tsoho da duk waɗanda suka tafi tare da shi.

Kun fi ni sanin labarin, amma bari in rubuta yadda ya ba ni, ko don yaran Yaya. Bai san ranar haihuwarsa ba. Mahaifiyarsa ta ce tana goyonsa labari ya iso Zariya cewa jiragen sama sun sauka a Kano, wato 1925. A 1943, lokacin da aka nemi sarakuna su ba da samari saboda yaƙin Hitila, dagaci ya nuna shi. Aka horar da su, aka kai su Ikko, suka shiga jirgin ruwa suka zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu har Bombay. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi rafin Kubanni na Zariya ba! Ya ce mako guda ya yi yana amai yana kalmar shahada.

Runduna ta 81 ce tasu, ta sojojin Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce yaren bariki, har Turawan hafsoshi ita suke ƙaƙalowa. A 1944 suka shiga kwarin Kaladan a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suna fafatawa da Japanawa. Kurmi ne da duwatsu inda mota ba ta bi, saboda haka a ka suke ɗaukar kaya da harsashi, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu. Ruwan sama da matsattsaku da zazzaɓi ya fi yawan ambata, batun harbi kuwa da an taɓo shi sai ya nemi goro. Sai da na girma na gane barikin Chindit da muke wucewa kullum a Zariya da na Dalet a Kaduna duk daga yaƙin nan suka samo suna.

Abin da ya fi so ya ba da labari shi ne yadda ya koyi boko. Da ajaminsa na makarantar allo ya tafi, a Indiya aka koya musu a-ba-ca, har ya kai yana karanta wa 'yan ɗakinsu Gaskiya Ta Fi Kwabo idan ta iso, yana kuma rubuta musu wasiƙun gida. Akwai wani Bakatsine da ya rubuta wa wasiƙa zuwa ga matarsa, amsar ba ta iso ba sai bayan an binne mutumin. Tsoho bai buɗe ta ba, bai kuma yar ba.

Da ya dawo a 1946 kuɗin sallamar da aka ba su bai kama ƙafar na Turawan da suka kwana rami ɗaya ba, kuma bai taɓa yafe wannan ba. Sai ya kama alli. Ya koyar da magidanta da fitilar ƙwai zamanin yaƙi da jahilci, ya yi kwas ɗin malanta, ya shiga elemantare ta En'e, har ya zama hedimasta. Da shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya zo a 1976 yara suka fi azuzuwa yawa, shi ne ya mai da gindin mangwaron makaranta aji. Ba zan ce ba shi da zafi ba. Baba ma ya sha dorina. Amma shi ne ya tsaya kai da fata sai Gwaggo ta gama makaranta lokacin da dangi suka ce a yi mata aure, shi ne kuma ya biya mini kuɗin jarrabawa daga fanshon da sai an yi watanni ba a gani ba.

Ga roƙona, Umma, ku isar wa Baba cikin lallami. Akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadonsa, mai lambobin yabo da takardar sallama da wasiƙar Bakatsinen, kada a sa shi cikin kayan sadaka, kada kuma a bar shi inda gara za ta kai. A ɗauki hoton kowace takarda a turo mini. Kuɗin da na aiko ranar Litinin, bayan na barka da Sallar yara, a sayi littattafai da fensir a kai makarantarsa, Allah ya kai ladan kabarinsa. Idan an je ziyara gobe a yi masa addu'a a madadina.

Kada a wahalar da kowa da kawo mini dambun nama, a filin jirgi za a ƙwace. Auta ta cinye rabona.

Taku har kullum,
'Yarku ta Landan