Gonar da aka karɓa don asibiti ta koma gidajen sayarwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Gonarmu ta gado a bakin gari take, da ɗorawa biyu da mangwaro shida da marigayi mahaifinmu ya dasa da hannunsa. Wata rana da kaka, ko dawa ba mu gama yankewa ba, sai ga ma'aikata da igiyar awo, mai unguwa yana biye da su kansa a sunkuye. Suka ce gwamnati na bukatar wurin don amfanin jama'a, asibiti za a gina. Wa zai ƙi asibiti? Muka ja bakinmu muka yi shiru.

Da aka zo biyan diyya, itatuwa aka ƙirga, ƙasar kuwa ko sisin kwabo. Abin da aka ba mu, mu bakwai magada, bai isa kuɗin fuloti ɗaya ba. Na kai kuka wurin wani lauya, ya buɗe mini Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Ashe tun zamanin mulkin soja na Obasanjo an damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallakar mutum don amfanin jama'a, na 29 kuma diyyar abin da ke kan ƙasa ya sani, gini ko shuka. Wai mu aro muke zaune a gonar da kakanmu ya sare.

Yau in ka bi ta wurin, doguwar katanga za ka gani da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Asibiti ko tubali ɗaya. An yanka gonar fuloti-fuloti an ba wani kamfani, ya gina gidaje yana sayar wa masu hannu da shuni. Mangwaro ɗaya ya tsira, ina hango kansa ta saman katangar wani.

Mutanen Talata Mafara ba su manta da 1980 ba, lokacin da manoman Bakolori suka tashi neman diyyar gonakinsu da aka karɓa don aikin dam, aka amsa musu da harsashi. Su dai an gina dam ɗin da aka ce za a gina. Mu fa?

Na san gyaran dokar ba wasa ba ne, tunda an cusa ta cikin tsarin mulki na 1999. Amma 'yan majalisarmu su fara da wannan: duk filin da aka karɓa da sunan aikin gwamnati ba a yi ba, a mayar wa masu shi, in kuma sayarwa za a yi, a biya su farashin kasuwa. Mahaifiyarmu har yau tana tambaya yaushe za a buɗe asibitin.

Naka,
Wani manomi mai karanta jaridarku