Ba Zaman Koke-koke Muke Yi Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na lafiya na ranar Talata har ƙarshe, kuma maganar baƙonku ta ɓata mini rai ƙwarai. Wai haɗuwar da masu ciwon jijiya ke yi zaman koke-koke ne, mutum ya je ya kwaso damuwar wasu ya ɗora a kan tasa. Mai gabatarwa kuma ya bar maganar ta wuce, bai ko tambaye shi ko ya taɓa zama a irin wannan taro ba.

Shekara shida ke nan ina fama. Ciwon suga ne ya ci mini jijiyoyin ƙafa, kamar yadda yake yi wa kusan rabin masu shi idan ya daɗe. Da rana da sauƙi. Dare na yi sai tafin ƙafata ya ɗau zafi kamar na taka garwashi, can kuma ya fizge ni kamar wutar lantarki ta ja ni. Ko mayafi ya taɓa yatsuna sai na zabura. Ga ƙafa kuwa ba kumburi, ba rauni, ba jini. To wa zai yarda? Matata, wadda ta fi kowa tausayina, wata rana ta ce, "Malam, anya ba damuwa ba ce?" Ban ga laifinta ba, amma daga ranar na daina faɗa wa kowa.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta matsa mini na je taron masu ciwon jijiyar. Ranar farko ban ce uffan ba. Sai wata dattijuwa ta fara magana, ita ƙurajen nan masu fesowa a gefe ɗaya na jiki ne suka bar mata zugi, waɗanda ƙwayar cutar ƙarambau ke dawowa da su bayan shekaru. Ta ce ko riga ta goge ta a haƙarƙari sai hawaye. Wallahi ban san lokacin da na ce, "Hajiya, ni ma haka mayafi yake mini" ba. Ta dube ni ta gyaɗa kai, ba ta nemi in kawo shaida ba. Shekara uku ina jiran mai gyaɗa mini kan nan.

Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Na sha farasitamol har na gaji, ban san irin wannan ciwon ba ya cika jin sa ba. Da likita ya rubuta mini amitriptyline, kwana biyar na watsar, saboda bakina bushewa yake, in wuni cikin magagi. A taron wani da maganin ciwon daji ya taɓa wa jijiyoyin hannu ya ce mini sai an yi makonni kafin ya kama, in koma in gaya wa likita gaskiya. Na koma, aka rage mini, aka ce in riƙa sha tun da yamma. Yanzu ina samun barcin awa biyar. A can na ji cewa daɗewa a kan maganin suga na metformin na iya rage bitamin B12, na roƙi a gwada ni, aka tarar ya yi ƙasa. A can aka koya mini gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, da duba ƙarƙashin ƙafa da madubi kullum dare. Da madubin nan na ga yanka a dugadugina, wanda ban ji shigarsa ba sam. Mai suga ya san inda irin wannan yankan yake kai mutum idan aka bar shi.

Muna da doka: ba mai ba wani maganinsa, ba mai hana wani zuwa asibiti, ba a talla. Da wani ya ce zai daina maganin zugin jijiya na pregabalin dare ɗaya, mu muka hana shi, muka ce sai likita ya janye masa a hankali. Ana kuka, ƙwarai kuwa. Likita na ganinka minti goma, sauran darare casa'in kafin ka koma fa, wa zai riƙe ka?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai wanda ke kwance yana saurarenku ranar, yana shawarar ko ya je ko kada ya je, baƙonku ya sare masa gwiwa.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Sau tara na kira ban samu shiga ba, kuma minti biyar ɗin da kuke ware wa masu kira rabinsa a gaishe-gaishe yake ƙarewa. Ba tun yau ake haka ba.

Ina roƙon ku sake shirin, ku gayyato masu ciwon da kansu. Mu a shirye muke, ni da Hajiya da duk wanda ƙafarsa ta bar shi ya fito ranar.

Wassalam,
Mai sauraronku na kullum