Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da tashar wasannin hunturu

Zuwa ga Manajan Sashen Ƙorafi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da ban so fito da wannan magana fili ba, amma abin da ma'aikacinku ya gaya mini ranar Laraba, 2 ga Maris 2022, da ƙarfe 4:20 na yamma, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Minti 26 na yi da waya a kunne ina sauraron kiɗanku kafin ya ɗauka. Na sake jero masa ƙorafina tun daga farko, karo na biyar ke nan ko na shida, sai ya yi 'yar dariya ya ce: "Ya Hajji, ku ina kuka haɗu da ƙanƙara? Ku kalli ƙwallo mana." Na ce ya ba ni sunansa, ya ce ba a bayarwa. Na ce ya haɗa ni da na gaba da shi, ya ce yana mitin. Daga nan layi ya yanke, kuma har yau ba wanda ya kira ni.

Ni tela ne a Jidda, shekarata kusan talatin a ƙasar nan, 'ya'yana duka nan aka haife su. Na daɗe ina biyan kuɗin ishtirakinku, wato kuɗin kallon tashoshinku, ba tare da ko sau ɗaya an katse mini don rashin biya ba. A ƙarshen Janairu kuka yi ta turo saƙo a waya cewa in na ƙara riyal 100 zan ga gasar Olamfik ta hunturu da za a yi a Bejin daga 4 zuwa 20 ga Fabrairu, "gaba ɗayanta". Da harajin kashi 15 ya zama riyal 115, faturar, wato takardar shaidar biya, tana nan a aljihun keken ɗinkina. Ban taɓa kallon wasan zamiyar ƙanƙara ba a rayuwata, autana ne ya matsa. A makaranta suka ji cewa karon farko ke nan da Saudiyya za ta shiga wannan gasa, kuma mutum ɗaya tak ta tura, Fayik Abdi. Sannan Najeriya ma tana da nata, Samuel Ikpefan. Yaron da ke da ƙasa biyu a zuciya, kowacce da ɗan wasa guda, ta yaya zan ce masa a'a?

Abin da muka tarar kuwa, tashar wata ƙasar Turai ce kuka ɗauko ɗungurungum kuka manna tambarinku a gefe. Tun daren buɗe gasa na fara jin wari. Tutar Najeriya ta wuce masu sharhi suna can suna hirar gwiwar wani ɗan wasansu. Da ta Saudiyya ta fito, abin da ya zo bakinsu raƙuma ne da rairayi, suka yi dariyarsu suka wuce. Na haɗiye. Ranar da Ikpefan ya yi nasa tseren, a makon farko, ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Wannan ma na ce wataƙila lokacin ne ya kuɓuce mana.

Ta Lahadi 13 ga Fabrairu, ranar tseren Fayik, ce ba ta haɗiyuwa. Bejin ta riga mu da awa biyar, don haka tun kafin kiran assalatu muka tashi. Uwar yara ta dafa shayi, yaron ya zaro koriyar tutar da ta rage masa tun bikin ranar ƙasar Saudiyya na 23 ga Satumba, ya goge ta da hannu ya ɗora a cinya. Ranar makaranta ce, kuma ina da ɗinkin mutane a shago, amma muka zauna. Dusar ƙanƙara na zuba a kan dutsen har da ƙyar ake hango tutocin da 'yan wasa ke kewayawa. Manyan 'yan wasa su ake fara saki, irin su Fayik suna can baya, wannan na fahimta, muka yi ta jira. Na je masallaci na dawo yaron bai motsa ba. Ana gama da na gaba-gaba sai tashar ta koma ɗakin sharhi, mutum uku a kan kujera suna maimaita gudun ɗan ƙasarsu, wanda ko kusa da lambar yabo bai je ba, a hankali, sau uku. Sai tallan mota, sai tallan agogo, sai kuma wani wasan dabam. Yaron ya juyo ya ce, "Baba, faɗuwa ya yi ne shi ya sa ba su nuna shi ba?"

Bai faɗi ba. A waya na gani da rana, ina kan keke: Marco Odermatt na Suwizalan ya ɗauki zinare, Fayik ya sauko duka zagaye biyun ya zo na 44, a ranar da kusan rabin waɗanda suka shiga ba su kai ƙarshe ba. Na 44 ba lambar yabo ba ce, na sani. To amma don wannan minti ɗaya da 'yan kai na biya, ba don in ƙirga zinare 16 da Norwe ta kwashe ba.

Washegari na kira, aka ce an rubuta. Na sake kira a makon, aka ce ana dubawa. Na aika saƙo, aka amsa mini da Turanci cewa ana godiya da ra'ayina. Wani karon aka ce hutun Ranar Kafuwar Saudiyya ne na 22 ga wata, in jira ya wuce. Ya wuce, na kira, wata ta ce in cire wayar risiba, wato dikoda, in mayar. Yanzu fisabilillahi cire waya ne zai dawo da 13 ga Fabrairu?

Ku fahimce ni, ba da Turawan nan nake ba. So duka so ne, amma son kai ya fi, kowa nasa yake wa kirari. Mu ma a 2018, da Osama Hawsawi ya jagoranci Saudiyya a gasar kofin duniya a Rasha, ga Omar da Motaz su ma Hawsawi, wato Hausawa, a cikin tawagar, ai a unguwarmu ba wanda ya tuna da wani ɗan wasa sai su. A waccan shekarar kuma Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga da Simidele Adeagbo suka kai Najeriya gasar hunturu a Pyeongchang karon farko, 'yan matanmu suka yi ta tura wa juna hotunansu. Tashar can don mutanenta take aiki, kuma ta yi musu. Ku ne kuka zauna a cikinmu, kuka karɓi riyal ɗinmu, kuka ba mu idon wasu mu kalli duniya da shi, ba ku ko gaya mana ba. Sa'an nan ma'aikacinku yana tambayata ina muka haɗu da ƙanƙara, a ƙasar da mutane ke tuƙa mota har Tabuka don ganin ta a kan dutsen Jabal Lauz.

Da farko riyal 115 ɗina kawai na nema. Yanzu ina neman su, da takardar ban haƙuri a rubuce wadda zan karanta wa yaron, da kuma a saurari muryar kiran 2 ga Maris tunda kullum kuna cewa ana naɗa. Kuma ku daina rubuta "gaba ɗaya" a talla alhali ragowar abin da wasu suka zaɓar wa kansu kuke sayarwa. Ina zargin ba wanda ya zauna a ofishinku ya tambayi wane ne zai kalla. Kun ɗauko mai araha, kun ƙiyasta cewa irinmu ba ma ƙorafi, in ma mun yi a kira mu Hajji a kashe waya. Da na ba da labarin a shago, mutum huɗu suka ce su ma sun biya.

Na ba ku zuwa ƙarshen wannan wata. In shiru, zan kai fatura da saƙonninku Ma'aikatar Kasuwanci. Ishtirakina zai ƙare a Afrilu, na riga na cire katina daga biyan da ke tafiya da kansa, kwalin risiba ma na sauko da shi daga saman kwaba.

Wassalam,
Wani tela mai hulɗa da ku, Jidda