Murfin tanki ma ya zama abin nema ga yaranmu masu ƙera mota

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya da kai da ma'aikatanka. Ka ɗan ba ni fili in yi magana kan yaranmu na Bauchi da ke ƙera mota da hannunsu, don wallahi abin da ke tsayar da su ba inji ba ne ba giya ba ne, ƙananan kaya ne, kuma murfin tankin mai na cikinsu.

Ni aikin walda nake yi. Akwai wani yaro a layinmu da ya haɗa ƴar mota da injin tsohuwar Golf, bodi ya buga shi da falankin ƙarfe, tanki ma shi ya lanƙwasa ya kawo min na ɗinke masa, sai da aka gama komai aka ga bakin da ya yi wa tankin babu murfin da ya hau shi. Ya zaga shagunan kayan mota, na ainihi kuɗinsa ya fi ƙarfinsa, mai araha kuma roba ce kawai wacce rana biyu ta tsage. Ƙarshe leda ya ɗaura da robar tayar keke, haka na gan shi yana gwada motar, fetur na tsiyaya a gefen bodi in ya sha kwana, kuma ga salansa a kusa. Gabana sai da ya faɗi.

Mutane na ɗauka murfi murfi ne, to ba haka ba ne. Akwai mai zare da ake murɗawa har ya yi ƙara, akwai mai kunne biyu irin na tsofaffin motoci da ake juyawa kaɗan ya kama. Sannan wani yana da ƴar kafar numfashi wani babu. Mota mai kafireta wacce tankinta ba shi da wani tiyon iska, in ka sa mata murfin da ya toshe ruf, mai na fita iska ba ta shiga, sai famfo ya kasa jawo mai mota ta dinga mutuwa a hanya, ka buɗe murfi ka ji ya yi fuuu, a ce maka filogi ne ko kwayil alhali murfi ne. Wanda ya yi sako-sako kuma ƙurar hunturu da ruwan damina duk ciki za su, ga zafinmu na watan Afrilu mai na tashi a iska, man da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ke lissafinsa da lita.

Shawarata ga duk mai wannan aiki, kar ka fara yin bakin tanki sannan ka tafi neman murfi. Je wajen masu yanka tsofaffin motoci ko ƴan gwangwan, ka sayi wuyan tanki da murfinsa a haɗe, na Golf ko Starlet ko Fijo 504, a yanko maka shi gaba ɗaya, sai ka gina tankinka a kansa. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma gobe in ya ɓata ka san sunan abin da za ka tambaya ko a nan ko a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ka duba robar cikin murfin, in ta bushe ta tsattsage bar shi. Kuma don Allah kar a kai wutar walda kan tankin da ya taɓa shan fetur ba a wanke shi an cika shi da ruwa ba, tururin nan shi ke fashewa ko da tankin babu ɗigo.

Abin da ke min ciwo Malam Edita, garin nan ne fa aka kafa kamfanin Steyr a shekarun 1970 ana haɗa manyan motoci da tarakta, muna da jami'ar ATBU, muna da Federal Poly da kwalejin kimiyya da fasaha ta Tatari Ali, ga kamfanin Innoson can Nnewi na fitar da mota sukutum. A ce murfin tanki sai an jira kwantena daga Chaina? Ina roƙon hukumar NADDC mai kula da bunƙasa ƙera motoci a Najeriya da sassan injiniya na makarantun nan su zauna da mu masu gareji, su zaɓi girma ɗaya na wuya da murfi a dinga zubawa a nan da sanholo, mu za mu saya, masu janareta da masu Keke Napep ma za su saya.

Naku,
Wani mai walda daga Bauchi