Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Gwajin Kuromosom na Sashen Cututtukan Jini

Kwamitin da aka ɗora wa alhakin mayar da tsohon sito na sashen jini ya zama ɗakin gwajin kuromosom yana sanar da cewa aiki ya kammala, an kuma miƙa makullai ga shugabar ɗakin gwaji.

Ga wanda ke tambayar dalilin wannan ɗawainiya: sankarar jini a jikin baligi iri-iri ce, kuma sau da yawa kuromosom, wato zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, shi ke nuna wa likita wadda majiyyaci yake fama da ita. Tun 1960 masu bincike Nowell da Hungerford suka hango wani ɗan guntun kuromosom a masu wata sankarar jini da ake kira CML a birnin Filadelfiya, sai a 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kuromosom lamba 9 da lamba 22 ne suka yi musayar gutsure. Yau mai wannan larura ƙwayar imatinib ake ba shi. Wanda kuma musayarsa ta 15 da 17 ce, zubar jini na iya halaka shi cikin kwanaki, amma cutar tana jin maganin ATRA idan an gano ta da wuri. A da nesa muke aika ɓargon majiyyaci don wannan gwaji, kafin ya isa ƙwayoyinsa sun galabaita.

An raba siton gida uku. Ɗakin farko na renon ƙwayoyi ne, inda ɓargo ke kwana ɗaya ko biyu a na'urar ɗumi a kan digiri 37. Ɗaukewar wuta na dare guda ya isa ya lalata samfur, a sake huda ƙashin ƙugun majiyyaci, shi ya sa muka ja wa ɗakin layinsa daban da inbata da batura. Tayil, fenti da famfo sun tafi lami lafiya.

Ɗaki na biyu ne ya ba mu ruwa. A nan ake ɗiga ƙwayoyin a kan gilashi bayan an jiƙa su a haɗin sinadarin metanol kashi 3 da asid na asetik kashi 1, kuma yadda kuromosom 46 na kowace ƙwaya za su baje ya dogara da laimar iska. Iska ta bushe, sai su dunƙule kamar zaren da ya sarƙe. Laima ta yi yawa, sai su watse a rasa na wace ƙwaya ne. Ɗan kwangila ya sa iyakwandishan kawai ya ce ya gama. Sai da ma'aikaciyar gwaji ta zaunar da shi gaban madubin ƙara girma (maikuroskof), ya ga dunƙulen da idonsa, sannan ya yarda a sa na'urar daidaita laima. Bututun fitar da tururin sinadaran ma an ƙara masa tsawo ya zarce rufi, don da farko warin yana komowa ta baranda.

Kuskure na uku namu ne. Mun amince da zanen da ya bar taga a ɗaki na uku, na gwajin FISH da ake sa wa kuromosom rini mai ƙyalli, alhali ɗigon ja da kore da ake ƙirgawa sai cikin duhu ake ganinsu, haske kuma dusashe su yake yi. An toshe tagar da bulo, aka sake filasta.

Kafin karɓar aiki an gwada samfur daga farko har ƙarshe, aka duba ƙwayoyi 20 kamar yadda aka saba, zanen kuromosom ya fito tas. Saura madubi na biyu, wanda an riga an gina masa tebur mai kauri da ba ya girgiza.