Rahoton Kwamitin Raya Gunduma Kan Gyaran Ƙaramin Asibitinmu a Jos ta Arewa

Kwamitin raya gunduma yana sanar da masu unguwanni, limamai, iyaye mata da duk wanda ya ba da gudummawa cewa an kammala gyaran ƙaramin asibitin unguwarmu, an kuma damƙa makullansa ga ma'aikaciyar lafiyar da ke kula da shi.

An gina asibitin ne tun gidajen unguwar ba su taka kara sun karya ba. Yanzu gine-gine sun hau har kan duwatsu, ranar awon ciki kuwa layin mata kan kai bakin titi, alhali ginin yana nan yadda aka san shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, sai dai kason da ke isowa irin wannan asibiti na magunguna ne da kayan aiki da ƙananan gyare-gyare, ba zai ɗauki sauya rufi ba. Shi ya sa muka nemi izinin hukumar lafiya matakin farko ta Jihar Filato da na ƙaramar hukuma, sannan muka buɗe asusun karo-karo.

Da rufi muka fara, domin duk wanda ya san daminar Jos, da ruwanta mai zuwa da iska wani lokaci har da ƙanƙara, ya san banza ne a yi fenti alhali kwano yana yoyo. Da kafintoci suka kware tsohon kwanon, sai aka tarar gara ta cinye katakon saman ɗakin haihuwa, abin da ba ya cikin ƙiyasinmu. Wannan, da tsadar siminti da kuɗin dakon yashi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, su suka ja aikin ya wuce wa'adinsa. Kwamiti ma yana da nasa laifi, don mun ba wani magini kuɗin aiki gaba ɗaya tun kafin ya gama, daɓen da ya yi ya tsattsage, dole aka fasa aka sake.

Ruwa ne ya fi ba mu wahala. Ramin farko na rijiyar burtsatse bai ba da komai ba sai ƙurar dutse, sai a na biyu aka dace. Yanzu an ɗora tanki, an ja famfo har cikin ɗakin haihuwa, ungozoma ta huta da aiken dangin mai naƙuda neman 'yan garuwa da tsakar dare. An kuma kafa sola mai riƙe fitilu da firjin allurar rigakafi, wadda dole a ajiye yawancinta tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ba haka ba ta lalace. An gyara banɗakuna, an yashe kwata.

Katanga ba ta samu ba, kuɗi sun ƙare. Ƙarin ma'aikatan da za su riƙa kwana kuwa ba hurumin kwamiti ba ne, mun dai rubuta wa hukuma takarda, domin muddin babu mai kwana, mace mai naƙudar dare sai an nemi mota zuwa Asibitin Ƙwararru na Filato ko Asibitin Koyarwa da ke Lamingo.

An liƙa cikakken lissafin shiga da fita a allon sanarwa na asibitin, rasitai kuma suna hannun ma'aji ga duk mai son dubawa kafin taron gunduma mai zuwa, inda za a tattauna batun katangar.